Hanyar Ruwan Gwaggo Kulu

Binciken farko da na yi a tsangayar koyon shari'a ba a laburare na yi shi ba. A cikin ruwan sama na yi shi, wando a naɗe har gwiwa, takalmi a hannu. Ina sabon ɗauka a lokacin, an haɗa ni da Malam Sada in koyi aiki a ƙarƙashinsa. Tsohon alƙali ne da ya bar kujera ya dawo jami'a yana koyarwa, mutum marar son hayaniya, in yana magana sai ka matso. Wata la'asar ya leƙo ofishina, ya dubi taga ya ga hadari ya haɗo daga gabas, ya ce in rufe littafi in biyo shi.

"Malam, ina za mu? Ga ruwa nan tafe."

"Shi za mu gani," in ji shi. "Taho dai."

Ku da kuka shigo aikin nan bana da bara nake ba wannan labari. Rannan a wurin shan shayi na ji ɗayanku yana cewa bincike a fanninmu ai ba wuya, mutum ya zauna gaban kwamfuta ya tattaro hukunce-hukunce, ya jera su, ya sa sunansa a sama. Ban tanka ba, don shayin ya yi daɗi. Amma akwai wata tsohuwa a Ƙofar Durbi, Gwaggo Kulu, wadda tsayuwar ɗakin kwananta da faɗuwarsa suka taɓa ratayuwa a kan wata maƙala da na rubuta. A gidanta muka tsaya a wannan la'asar.

Mun ajiye tsohuwar motar Malam a bakin titi muka shiga lungu da ƙafa, daidai an fara yayyafi. Kowa na gudun neman mafaka, mu muna tafiya a hankali kamar 'yan rakiyar amarya. Da ruwan ya kece sai garin ya sauya mini. Indararo na zuba ta ko'ina, katangu suka yi duhu, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika lungun, muryoyin mutane suka koma can nesa. Malam ya yi sallama a wani zaure. Mai gidan, wani baduku abokinsa, ya shiga ya yi mana iso, muka tsaya a bakin tsakar gida. Malam ya nuna mini gindin katangar yamma. Akwai 'yar kafa a wurin, wadda mutanenmu ke kira wuriya, duk ruwan gidan nan yake taruwa ya bi ta cikinta. Ba lungu yake fita ba, don ƙofar zauren tana kan tudu. Gidan maƙwabci yake shiga, ya ratsa tsakar gidansa, ya fita ta wata wuriyar zuwa gida na gaba, haka haka har ya faɗa kududdufi.

"Wace doka ce ta tilasta wa wancan ya karɓi ruwan wannan?" Malam ya tambaye ni.

Na laluba duk abin da na haddace, ban samo ba.

"Ba ta a rubuce," ya ce. "Amma ga ta nan tana aiki, ka gan ta da idonka. Ka rubuta ta kafin siminti ya iso."

Matar badukun ce ta ƙara mana sauran daga bayan labulen ɗakinta. Ita ce Gwaggo Kulu, lokacin da sauran ƙarfinta. Ta ce, "Ai Malam, da can in za a sai da gida a nan, ba a shafa fatiha sai an zuba buta. Ina amarya aka sai da na ƙasanmu. Mai unguwa ya shigo nan ya tuttule buta tsakar gida, mai saye na can yana kallon inda za ta ɓullo mashi. Tunda ya gani da idonshi, daga nan kau ba shi da ta cewa." Malam ya dube ni, na gane nufinsa. Na koma gida ina atishawa, amma raina fes, don na samu abin yi.

Kayan aikina a shekarun nan ba su da yawa. Rakoda mai kaset, batura a aljihu, takalmin roba, da goro a ƙunshe. Rabin kowane kaset gaisuwa ce. Ina gajiya, ina iyali, ina wajen su wane, yaya muka ji da ruwa, kai har akuyar gidan sai an tambayi lafiyarta. Wanda ya gaji da wannan ya sake sana'a, domin tsoho ba ya ba ka al'ada a zuwan farko. Sai ya san ɗan gidan wane ne kai, ya tabbatar ba gwamnati ce ta turo ka auna masa gida ba, sannan wata rana yana tsakiyar wata hirar daban ya sako maka abin da ka daɗe kana nema. Ko a nan aikin bai ƙare ba. Malam Sada ya koya mini cewa abin da tsoho ɗaya ya faɗa labari ne. Sai ka ji shi a bakin mutanen da ba su haɗa zaure ba, ka kuma gan shi a ƙasa ranar da ake ruwa, sannan ya fara zama hujja. Daga nan ka dawo tebur ka buɗe littattafan fiƙihu a babin cutar da maƙwabci, ka buɗe dokar filaye, ka buɗe hukunce-hukuncen manyan kotuna, ka ga inda suka haɗu da al'adar da inda suka rabu. Damina ta bin ruwa ce, rani na zaman tebur.

Kuna tsammanin masu cinikinmu su ne editocin mujallu da kwamitin ƙarin girma. To, suna ciki. Na taɓa aika wani ɓangare na aikin ga wata mujalla, mai tantancewa ya dawo mini da shi ya cika gefen takarda da tambaya ɗaya: ina madogara? Na kai wa Malam Sada ƙara. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Ka rubuta mashi ya zo da damina." Amma masu cinikinmu na gaskiya ba su san ma muna yi ba. Abokiyar aikina Dakta Rahila, 'yar kudancin Kaduna ce da ta girma a garin nan, ta kwashe shekaru tana zama a bencin baya na kotuna tana sauraron yadda ake ɗaukar shaidar mata ta bakin tafinta. Littafin da ta fitar ya sa alƙalai da yawa suka fara sa wa a karanta wa mai shaida abin da aka rubuta kafin ta tashi. Wani abokin aikinmu kuma burtali ya bi, daga wannan ƙauye zuwa wancan, yana neman inda haƙƙin makiyayi ya tsaya na manomi ya fara. Har yanzu in na bi barandar tsangayarmu da yamma, ɗalibai sun watse, rana ta yi ja a jikin tagogi, sai in riƙa jin kamar a bayan kowace ƙofa akwai taron mutane a zaune shiru: mata masu shaida, masu shanu, magada, 'yan haya. Ba su taɓa shigowa jami'a ba, amma don su ake kunna fitilar ofisoshin nan.

Maƙalata a kan hanyoyin ruwa na cikin birni ta fito bayan Malam Sada ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ita ce ta ɗaga ni. An gayyace ni taruka, an yi ta kawo ta a cikin rubuce-rubucen wasu, na sa ta a cikin darasin da nake koyarwa. Akwai shafi guda a cikinta da na fi alfahari da shi, inda na bayyana zuba buta, na ce mai sayen da aka zuba a gabansa ba shi da ikon toshe wuriya.

Sai muguwar shekara ta zo. Mu malaman jami'a muna yajin aiki, an kulle ofisoshi, ciyawa ta fara cin barandar nan. Wata safiya da bazara ina gida aka ce ana sallama. Na fito na tarar da Gwaggo Kulu ta sauko daga babur mai ƙafa uku, 'yarta na riƙe da hannunta. Ta tsufa ƙwarai, badukun ya daɗe da rasuwa. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ta ce, "Malam mai rakoda, an liƙe mani wuriya."

Magadan gidan da ruwanta ke shiga ne suka sayar da shi ga wani Alhaji Lawal. A GRA ya tashi, ta hannun dillali da lauya ya saya, takarda ta bi takarda. Ya rushe ginin ƙasa ya tayar da na bulo, ya shimfiɗa tayil, ya sa aka cike kafar da siminti. Kada ku ɗauka mugu ne. Ya ga rami a katangarsa da ruwan wani gida ke shigo masa, ga sauro, ga yara ƙanana, ya yi abin da ya ga kowa na yi. Matsalar ita ce ɗakin Gwaggo Kulu na ƙasa ne, kuma yana jingine da wannan katanga. In damina ta sauka ruwa bai samu hanya ba, a gindin ɗakin zai kwanta.

Mai unguwa ya gwada sulhu bai yiwu ba, magana ta je kotun shari'a. Ranar zaman farko na je na zauna a baya. Lauyan Alhaji ya miƙe, sai na ga Nura ne, ɗalibina, wanda ba ya fashin darasina, yana zama a layin gaba. Ya buɗe jaka ya fito da maƙalata. Ya karanta shafin nan da nake alfahari da shi, da kyakkyawar murya, bai tsallake ko wasali ba. Sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, Farfesa da kansa ya rubuta cewa wanda aka zuba buta a gabansa shi ne ba ya toshewa. Wanda nake karewa ba a zuba komai a gabansa ba. Saboda haka al'adar ba ta hau kansa ba."

 Haushi ya kama ni, a lokaci guda kuma wani ɓangare na zuciyata yana cewa yaron nan ya iya. Gwaggo Kulu ta juyo tana nemana da ido, don ta ji an ambaci buta, ta san daga bakinta maganar ta fito. Alƙali ya ce yana son jin marubucin da kansa, ya ɗaga zama. Kafin ranar ta zo, ma'aikatan kotu su ma suka shiga yajin aiki, aka sa kwaɗo a ƙofa. A makon ne aka yi ruwan farko.

Na je wurin Alhaji Lawal da kaina. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo lemo. Na ce ya bari a huda simintin ko na wucin gadi ne, in ya so a binne bututu a ƙarƙashin tayil ɗinsa, ba zai ma ga ruwan ba. Ya ce, "Farfesa, ni ban ƙi ba, amma lauyana ya ce in na taɓa wurin kamar na amsa laifi ne. Kuma ai takardarka ce ta ba ni gaskiya. Mu jira kotu." Na fito ban sha lemon ba.

Daga nan na wuce gidan Dakta Rahila. Na same ta a gindin mangwaro tana gyaran wake, don yajin aiki ya mayar da mu duka 'yan zaman gida. Na zayyana mata komai, na ce zan tashi a kotu in faɗi abin da nake nufi da shafin. Ta girgiza kai.

"Farfesa, abin da kake nufi ba shaida ba ne. Nura zai ce ka sauya magana ne don ka san tsohuwar. Kai kana cewa butar ba ita ke haifar da haƙƙin ba, nuna shi kawai take yi, ko ba haka ba? To ka nemo gidajen da ba a taɓa sayarwa ba, gado ne tun kaka da kakanni, ba wanda ya taɓa zuba musu buta, amma suna karɓar ruwan maƙwabci. In ka samo su, magana ta ƙare."

Haka muka koma bin ruwa, ni da furfurata, ita da zaninta a ɗaure da takalmin roba. Ita ke shiga cikin gida wurin mata, ni ina zaure da maza. Damina ce mai yawan ruwa, kusan kullum sama a rufe. Akwai ranakun da nake tafe a lungu, ruwa na gudu a kan ƙafata, sai in ji kamar in na waiwaya zan ga Malam Sada a bayana yana tafiyarsa ta a hankali. Mun samo gidajen, ba ɗaya ba ba biyu ba, da dattawan da suka yarda za su tsaya gaban alƙali. Amma duk zagayen da muka yi sai mun biya ta gidan Gwaggo Kulu, kuma kullum abin da muke tararwa ke nan: tsakar gida ta zama tafki, matan maƙwabta sun yi layi da robobi da ƙwarya suna kwasa suna kaiwa lungu. Suna kwashewa wani na sauka. Damshi ya fara hawa jikin ɗakin, yau a idon sawu, gobe a gwiwa. Muka roƙe ta ta koma ɗakin da ke kusa da zaure. Da ƙyar ta yarda aka fitar da gadonta.

Sai cikin Agusta aka buɗe kotu. Alƙalin, Allah ya saka masa, ya sa shari'ar a gaba. Dattawa suka yi bayani, ni ma na yi nawa. Nura ya taso yi mini tambayoyi, ya rusuna tukuna.

"Malam, a gafarce ni, aiki ne."

"Yi aikinka," na ce. "Ni na koya maka."

Ya matsa mini sosai, ban kuwa ji haushi ba. Na ce wa kotu butar sanarwa ce, ana yin ta don kada mai saye ya ce bai sani ba. Hanyar ruwan ta riga cinikin, ta riga mai sayarwa ma. Wanda bai mallaki ikon toshe ta ba, ba zai sayar wa wani wannan ikon ba. Alƙali ya ce a tashi a je a gani. Muka ɗunguma har Ƙofar Durbi, ya tattare babbar rigarsa ya shiga tsakar gidan, ruwa na taɓa masa ƙafar wando. Ya dubi simintin, ya dubi ɗakin. Da aka koma ya yanke hukunci: a buɗe wuriya, in Alhaji na son bututu a binne masa.

A gabana aka fasa simintin. Magini ya sa guduma, da bugun ƙarshe ruwan da ya daɗe a kwance ya motsa, ya yi wata 'yar ƙara, ya fara zurarewa. Mata suka yi guɗa. Ni ma na ji daɗin da ban taɓa ji ba a duk tarukan da aka tafa mini. Amma maginin bai yi dariya ba. Ya je ya dafa bangon ɗakin, yatsunsa suka shige kamar a cikin tuwo. Ya ce ƙasar ta sha ta ƙoshi, in ba a sauke ɗakin ba zai sauko da kansa, watakila a kan mutum. Kafin damina ta fita aka sauke shi. 'Yarta ta ɗauke ta ta koma da ita gidanta a Ƙofar Sauri.

Ɓangaren Alhaji sun ɗaukaka ƙara, kotun sama ta tabbatar da hukuncin, ta kuma kawo maƙalata a ciki. Ta haka ya shiga littattafan rahoton shari'a, shi ne wanda kuke koyar da 'yan aji uku yanzu. Na san gidaje da dama a cikin birni da suke tsaye yau saboda shi, don da lauya ya nuna wa mai siminti shafin, magana ke mutuwa. Ranar da kwafin ya iso hannuna na ɗauka na tafi Ƙofar Sauri in nuna mata. Na same ta a wani ɗaki na bulo mai rufin kwano, ana zafi, tana zaune a kan tabarma tana fifita da murfin kwali. Na ce mata sunanta ya shiga littafi, alƙalai da lauyoyi za su riƙa karanta shi har bayan ranmu. Ta karɓi littafin ta juya shi, ta shafa bangon, ta miƙo mini.

"To madalla. Ɗakin fa, an sa shi ciki?"

Na buɗe na duba, ko da yake na san amsar. Kalma uku ce kawai, an ce ginin mai ƙara.

"Ba a sa ba, Gwaggo."

Fifitar ta tsaya. Can ta ce, "To kai ka riƙa faɗa masu, tunda kai ka gane shi da idonka. Ka ce masu azarar giginya ce, maigidana da kanshi ya ɗauko ta a ka daga bakin kasuwa, muna da auren shekara guda. Ni na yi daɓen, da makuba, har sai da ya yi ƙyalli. Akwai 'yar taga ta gabas, nan nike aje man kaɗanya. Nan na haifi ɗiyana duka, nan aka yi mashi wanka ran da ya rasu." Ta ɗaga kai ta dubi kwanon da ke sama. "Ka ce masu ko da bazara, in ka shiga sai ka nemi mayafi."

Ta rasu da kakar da ta biyo baya. In kun zo wannan shari'ar a aji, ku faɗa wa yara abin da kotu ta yanke, don shi za a tambaye su a jarrabawa. In kun gama kada ku sallame su. Ku ce musu azarar giginya ce.